Ranar da Na Tuɓe Kallabi a Gaban Surukaina

Matar jikana ce ta tsokano ni. Tun da gwiwoyina suka ƙi aka ɗauko ni daga bakin ruwa aka kawo ni gidansu a Yelwa, nake zaune a kan tabarma ina kallon rainon zamani. Rannan da hantsi tana kishingiɗe da waya a hannu, jaririnta yana kwance a gefe, an jingina masa wata wayar a jikin matashi, wasu 'yan dodanni masu launi suna ta tsalle suna ƙara a ciki. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Kaka, ai ku mutanen da ba ku iya nuna ma ɗiya ƙauna ba. An ce ko sunan ɗan fari ba ku kira, balle ku yi mishi wasa." Na dubi yaron. Bakinsa a sake, miyau yana zuba, idonsa a kafe kamar na kifin da ya yini a faranti. Na dube ta. Na ce, "Haka ne, ɗiyata." Me zan tsaya faɗa wa wadda ko fuskata ba ta kallo?

Ni dai abin da na gani a wannan zamani, yaro ya zama kayan ado. A sa masa hula da takalmi tun bai san yana da ƙafa ba, a jingina shi a kujera, uwar ta riƙa kaɗa yatsu tana cewa kalli nan, kalli nan. Shi kuwa bawan Allah ya ɗauka da shi ake, sai ya washe dasashi. Da ya yi murmushin an ɗauka, shi ke nan. Uwar ta juya masa ƙeya ta duƙufa a kan hoton, tana aika wa mutanen da ba su san ko ƙamshin kansa ba. Yaron yana nan da sauran dariyarsa a baki, ba mai karɓa, har ta huce. Uban kuwa in ya dawo, daga bakin ƙofa zai ce, "Yaya dai babban mutum?" ya dire masa wata motar roba mai kuka da batir, ya juya sai gidan kallon ƙwallo. Sun sayo masa wani keke da ake zura yaro a ciki ya yi ta karo da bango shi kaɗai. An kashe dukiya a kan ƙarau da roba, amma fuskar mutum, wadda Allah ya ba kowa kyauta, ita ce ta yi tsada. Kuma wai mu ne ba mu iya ƙauna ba.

Mu a gungu muka tashi, tsibirin da yau yake kwance a ƙarƙashin tafki. Abin da ke tashe ka da safe a can shi ne karon filafili a jikin jirgi, da luguden mata, da ƙarar ruwan da masu albasa suke watsawa da ƙwarya. A cikin wannan duka akwai dariyar jarirai, don jariri a wurinmu ba ya yini a hannu ɗaya. Daga wannan cinya sai waccan. Tsohuwa ta miƙe ƙafafu ta ɗora shi a kan ƙwaurinta, tana jijjiga shi tana yi masa kirari da sunayen kifi, giwan ruwa ka fi ƙarfin koma, kurungu mai ƙaya wa ya taɓa ka ya kwana lafiya. 'Yan mata su rufe fuska da faifai su ce, "Ina ni?" su buɗe su ce, "Ga ni!" Yayyensa su kama tafin hannunsa su ce ƙaguwa ta fito daga rami, su taka da yatsu a hankali har hammata, kafin su kai ma ya fara ƙyalƙyala. Ƙartin masunta masu hannu kamar ɓawon itace, in sun dawo daga ruwa, sai ka ga sun durƙusa suna goga masa gemu a ciki, suna busa masa cibiya. In an je wanka a bakin gaɓa, a kama hannunsa a riƙa tafa ruwa da shi har ya gane shi ne yake tayar da feshin.

Amma babban wasan shi ne hira. In yaro ya yi ɗan gwarancinsa, babban mutum zai ajiye abin da yake yi ya ce, "Allah? Haka yac ce maka? To kai mi kac ce mishi?" Sai kuma ya yi shiru, ya zuba masa ido, ya jira. Jiran nan shi ne abin da na yanzu ba su da shi. Yaron zai yi ta motsa baki, ya yi ta kokawa da harshe, can ya sake fito da wani sautin, a amsa masa kamar ya kawo labari daga birni. Kakata takan ce jariri baƙo ne da ya sauka a garin da bai san kowa ba, in ya yi sallama aka ƙyale shi, gobe ba zai ƙara yi ba.

Gaskiya ɗaya ce a maganar yarinyar nan, ita ce ta ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a idon mutane, ba ta nuna ta san da shi. Ta ba shi nono tana kallon wani wuri, ta miƙa wa kakarsa. Uba ma haka. Kunya ce, kuma mun riƙe ta. Ba ta cutar da yaro, don hannuwan da ke jiransa sun fi ƙarfin yininsa. Sai dai akwai ranar da hannuwan nan suke janyewa, kuma ni na ga wannan ranar.

Ɗan farina, wanda shi ne uban mijin wannan mai wayar, na haife shi ne bayan an tare ruwa a Kainji an tashe mu. An kwashe mu zuwa gaɓa wajen Wara, aka zuba mu a wasu ɗakunan siminti da ba su san iska ba. Tsofaffi suna zama su kalli tafkin, su nuna da haɓa su ce can kabarin wane yake, can kukar gidanmu take. Zukata duk a dagule. A cikin wannan hali yaron ya zo, ya zama abin da gidan yake dariya da shi. Iya, uwar mijina, ba ta sauke shi. Baba, surukina, yana gyaran taru a gindin bishiya da shi a cinya. Ni kuwa ina daga nesa ina ɓare kifi, kaina a sunkuye, kunnena yana wurinsu.

Yana gab da fara rarrafe zazzaɓi ya kama shi, irin mai sanƙarar da wuya. Ya kwashe yara a layinmu. Nawa Allah ya bar shi. Amma wanda ya tashi daga ciwon kamar ba shi ba. Gwarancin ya tsaya. A kira shi daga baya, ko motsi. Iya ta yi kirarin kifin nan har muryarta ta dushe, ya yi ta kallon rufin ɗaki. Faranti ya faɗi kusa da kansa, kowa ya zabura ban da shi. Ba ya dariya, kukansa ma ya canza, ya zama wani siriri marar daɗin ji.

Sai Gwaggo ta shigo zancen. Ƙanwar Baba ce, irin matan nan da ba su taɓa ganin abu sun ce ba su san dalilinsa ba. Ta ɗaga yaron ta juya shi kamar mai taya kaza a kasuwa, ta ajiye, ta goge hannu a zane. Ta ce, "Wanga ba namu ba ne. Tun da anka tare ruwa anka tada mutanen ƙasa, aljannun ruwa, daga gidajensu, kamar yadda anka tada mu. Sun shigo gari suna musanya. Naku yana wajensu, nasu yana wajenku." Iya ta ce, "To mi za a yi?" Gwaggo ta ce, "A kai shi bakin ruwa da ƙwai da nono, a aje, a ja da baya, kar kowa ya waiwaya. In nasu ne su amshi abinsu." Malamin garin da ya ji ya ce wannan ba addini ba ne, a ji tsoron Allah. Mata suka ce to Malam, suka ci gaba da ƙus-ƙus ɗinsu. Ina tsugune a bakin murhu ina jin komai. Yaron ya fara jan ciki a lokacin, gaɓar wurin kuma gangare ce mai santsi. Na san ba sai aljani ya wahalar da kansa ya fito ba, yaron da kansa zai gangara cikin ruwa.

Daga ranar hannuwa suka janye. 'Yan matan faifai suka daina shigowa. Masu goga gemu suka riƙa ratsewa ta bayan gida. Matan da jiya suke rububinsa, yau in ya ja ciki ya nufe su sai su tattare zane su matsa. Har gobe in na tuna fuskokinsu sai na ji tofi ya taru a bakina. Haka yaron ya dawo bayana, don ba wanda zai karɓa.

A bayan nawa Allah ya nuna mini. Ina dakan gero wata safiya, sai na ji ƙafafunsa suna dukan ƙuguna. Duk saukar taɓarya, sai ya harba. Na tsaya, ya tsaya. Na sake bugawa, ya sake harbawa. Na bar turmin na zagaya bayan bandar kifi inda hayaƙi yake kare mutum, na sauke shi a kan cinyata. Na tafa hannu a bayan kansa, bai motsa ba. Na dawo da fuskata daidai tasa na kumbura kumatu, sai idonsa ya biyo ni. Na zare ido, ya zare nasa. Ban san abin da ya sa ba, na kama ɗan hannunsa na ɗora a maƙogwarona, na yi gunji mai kauri daga ƙirji, irin na saniya. Ya ƙura mini ido, yatsunsa suka damƙe fatar wuyana. Na yi shiru, na jira. Ya bubbuga wuyan da hannu, alamar in ƙara. Da na ƙara, sai bakinsa ya buɗe, wata 'yar dariya ta fito a shaƙe kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. Ashe yaron yana nan bai je ko'ina ba. Kunnen ne ciwo ya tafi da shi, aka bar shi cikin shiru shi kaɗai, duk masu yi masa wasa kuma da murya suke yi, yawanci daga inda ba ya ganinsu.

Na zama ɓarauniya a gidan aurena. Da na ga ido ya ɗauke, sai bayan banda. In busa masa tafin ƙafa. In kifa ƙwarya a cikin ruwan kwano in ɗora ƙafafunsa a kai ina kaɗawa, yana jin kiɗan a ƙashinsa. In rufe idonsa da tafina in buɗe. In manna bakina a tsakar kansa in yi ta magana, duk abin da kunya ta hana ni faɗa, yana lumshe ido. Na gwada gaya wa Iya a kaikaice, na ce, "Iya, kamar yaron ga yana jin turmi." Ta ce, "Ke, yaushe bakinki ya fara shiga zancenai? Tashi ki ba ni wuri." Ba mugunta ba ce, tsoro ne ya cika ta. Na gaya wa uban yaron, lokacin da na kai masa abinci bakin jirgi da rana. Ya waiga hagu da dama, ya karɓi yaron ya kwantar da shi a cikin jirgin, ya ƙwanƙwasa katakon da filafili. Yaron ya harba ƙafa. Mutumin nan ya juya mini baya, na ga kafaɗunsa suna rawa. Amma a gida, gaban ubansa da gwaggonsa, bakinsa ya ƙi buɗuwa.

Ranar da suka shirya, da hantsi ne, maza sun dawo daga ruwa. Gwaggo ta shigo da ƙwarya, ƙwai a ciki da ɗan nono a ludayi, mata na biye da ita, wasu don taimako, yawanci don kallo. Iya ta kwance yaron daga bayana ta naɗe shi da farin ƙyalle, hawaye yana bin fuskarta. Baba yana gindin bishiya da tarunsa, bai ce a yi ba, bai ce a bari ba. Mijina yana tsaye a jikin bango kamar an dasa shi. Aka ce in shiga ɗaki.

Na yi taku kamar zan shiga, sai na ji ƙafafuna sun juya. Na je na zare yaron daga hannun Iya. Na taka har gaban Baba, wurin da ko inuwata ba ta taɓa gittawa ba sai a durƙushe, na zauna daram a ƙasa na miƙe ƙafafu. Gwaggo ta ce, "Ke! Kin haukace?" Ban kula ta ba. Na warware ƙyallen na ɗora shi a cinyata. Na kumbura kumatu, na zare ido, na fito da harshe, ni matar aure, a gaban uban mijina. Na ɗora hannunsa a wuyana na yi gunjin saniyar nan da ƙarfi har kaji suka watse. Yaron ya dube ni, amma taron ya ruɗa shi, leɓensa ya fara rawa zai yi kuka. Na ji wata tana cewa, "Kun gani ko?" Na duba ba faifai kusa, ba komai a hannuna. Sai na fizge kallabina. Kaina a buɗe, kitsona duk ya tsufa, a gaban surukai da maƙwabta. Na ji salati ya tashi ta ko'ina. Na rufe fuskata da kallabin, na manna goshina a nasa, na yi gunji, na fizge.

Ya ƙyalƙyale. Ba 'yar shaƙaƙƙiyar nan ba, dariya sosai, mai ƙarfi, ta wanda ba ya jin kansa balle ya rage. Ya kama kallabin da hannu biyu yana tura mini a fuska in sake. Na sake, ya sake fashewa har da shaƙuwa. Na ɗago na dubi Baba ido cikin ido na ce, "Baba, kurma ne. Ciwo ya ci kunnenai. Amma ɗana ne, ni na haife shi, ba inda za a kai shi." Kalmar ɗana ɗin nan ta fi tuɓe kallabin nauyi a bakina. Sai ga mijina ya baro bango, ya zo ya durƙusa kusa da ni, ya ɗora tafin yaron a kan turmi ya bugi gefen turmin da hannu. Yaron ya juya yana neman ubansa da ido.

Baba ya ajiye taru. Ya miƙo hannu, na ba shi. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sunkuya ya goga masa gemu a ciki kamar yadda ya saba, yaron ya cafke gemun. Baba ya ce, "Aljani bai da wanga hanci. Hancin gidan ga ne." Ya dubi ƙanwarsa ya ce, "Ki dafa ƙwan nan ki ba yara." Gwaggo ta dire ƙwaryar ta fita tana cewa za mu gani. Ta rayu ta gani kuwa, har ta hau jirgin da yaron ya sassaƙa da hannunsa.

Kada a ɗauka an yi mini guɗa. Matan nan da suka tattare zane daga jaririn da bai san komai ba, su ne suka sami bakin cewa ba ni da kunya. Suka laƙa mini suna Tuɓe-kallabi, in na je ɗiban ruwa su kama kawunansu suna dariya. Na bar su. Gidanmu dai ya koyi sabon wasa. Iya ta koma yi masa kirarin kifi da bakinta a kan ƙirjinsa. Kowa ya san sai ya zo ta gabansa, sai ya taɓa shi, sai ya ba shi fuskarsa duka. Da haka muka ƙirƙiro maganar hannu da muke yi da shi har yau da furfura ta cika masa kai.

Wani lokaci nakan ce da a wannan zamani aka haife shi, wa zai ma lura? A jingina masa waya ya yi ta kallo, a ce yaro ne mai haƙuri, ba ya da rigima. Su iyayen yanzu da ba wanda ya hana su. Ba kunyar suruki, ba Gwaggo, ba sai sun laɓe cikin hayaƙi ba. An sakar musu 'ya'yansu su sumbata, su kira suna, su yi rawa da su a tsakar titi in sun so, sun ƙi. Alhamdu lillahi, yau ba mai kai yaro bakin ruwa. Amma a ajiye shi, a ja da baya, kar a waiwaya, wannan kam kullum ina gani, a kan katifa mai laushi.

Labarin abin da na yi ya hau jirgi ya kai wa Innata can wajen Shanga. Ba a jima ba sai ga ta. Ni ce 'yar farinta, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ban taɓa ganin haƙorinta saboda ni ba. Na durƙusa na gaishe ta, ba ta amsa ba. Ta wuce wurin Iya da Baba ta ba su haƙuri, ta ce ita ba haka ta yi tarbiyya ba. Ta juyo ta wanke ni tas a gaban kowa. Na kawo mata tuwo da miyar kifi, ta ture kwanon da ƙafa. La'asar na yi ta ce za ta koma. Na ɗauki ƙunshinta na bi ta a baya, yaron a goye.

Da muka shiga cikin dogayen ciyayin gaɓa, inda ba a hango mu daga gari, sai ta tsaya. Ba ta dube ni ba ta ce, "Sauke shi." Na sauke. Ta karɓe shi, ta gyara shi a hannu, ta ce, "Ina ne kika ce ana sa hannun?" Na nuna mata. Ta ɗora ɗan tafinsa a maƙogwaronta ta yi gunjin, a hankali da farko, kamar mai tsoron a ji. Yaron ya damƙe wuyanta ya washe baki. Ta ƙara, ya ƙyalƙyale. Sai ta miƙo ɗaya hannun ta kamo nawa, ta ɗora a wuyanta kusa da nasa, ta danne da tafinta. Ta ci gaba da gunjin, idonta yana kan ruwa, ina jin sa yana ratsa yatsuna. Mai jirgi yana ta ƙwala kira daga ƙasa cewa rana za ta faɗi. Inna ba ta yi sauri ba.